Fatarka Katangar Jikinka

Jama'a, kowa ya san amfanin katanga a gida. In ta tsage ba a yaɓe ba, ɓera da kunama sun sami hanya. To, haka fata take ga jikin mutum. Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne a ƙasar Ɗanbatta. Kullum sai na ga masu ƙazuwa da gyambo da ƙuna, waɗanda da sun san aikin fata da abin bai kai haka ba.

Yadda fata take

Da za a shimfiɗa fatar babban mutum, sai ta kusa cika tabarma mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1. Hawa uku gare ta.

1. Ta sama siririya ce, ba jijiyar jini a cikinta. Kullum tana saɓa tana zubewa, sabuwa na tasowa daga ƙarƙashi, cikin kamar wata guda ta sake. A nan launinmu yake, baƙin nan kuwa shi ke kare mu daga cutarwar rana. Man canja launi yana cinye wannan kariya, ku guje shi.

2. Ta tsakiya ta fi kauri. A cikinta akwai jijiyoyin jini, da jijiyoyin ji, da saiwar gashi, da 'yan rijiyoyin gumi fiye da miliyan 2.

3. Ta ƙasa kitse ce. Ita ce bargon jiki da sanyi, ita ke rage zafin bugu.

Aikinta

Fata tana hana ƙwayoyin cuta shiga. Tana kuma sanyaya jiki. Ku dubi tulu: ruwa na tsattsafowa ta bayansa, iska ta busar, na cikinsa ya yi sanyi. Haka gumi yake yi, saboda haka mai aiki a rana ya yawaita shan ruwa. Fata ce ke gaya maka ka taka ƙaya ko ka taɓa wuta. In rana ta taɓa ta kuwa, takan yi bitamin D, mai ƙarfafa ƙashin yara.

Ƙofofin da cuta ke bi

Da hunturu fata takan bushe, ƙafa ta yi kaushi har ta fashe. A wanke, a shafa man kaɗe. A riƙa sa takalmi, don akwai tsutsar ciki mai shan jini da ke shiga ta ƙafa daga ƙasar da aka yi bayan gida a kai.

Tsutsar tsargiya takan huda fata ko da lafiyayya ce. Masu noman rani a bakin dam ɗin Tomas da yara masu wanka a kududdufi su kiyaye. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya zo asibiti.

Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne da ido bai cika gani ba. Yana haƙa rami cikin fata, musamman tsakanin yatsu, ƙaiƙayinsa ya fi tsanani da dare. In ta shiga gida, kowa ya shafa magani rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, a shanya a rana.

In yaro ya ƙone da kaskon wuta ko ruwan zafi, a yi ta zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a kawo shi. Kada a sa toka ko kashin shanu a kan ƙuna ko rauni, don suna jawo ciwon sarƙe haƙora.

Tabon da ba ya ji

Ga abin da ya fi duka. In ka ga tabo a jikinka wanda ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, to rufe idonka, ka sa wani ya shafa maka auduga a wurin. In ba ka ji ba, kada ka kwana biyu ba ka zo ba, don wataƙila farkon kuturta ce.

Kuturta ba sammu ba ce, ba kuwa gado ba ce. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Tana kashe jijiyoyin ji. Mutum ya ƙone ko ya taka ƙusa bai sani ba, rauni ya ruɓe, ta haka ake rasa yatsu. Maganinta kyauta ne, ana sha wata 6 ko wata 12. Wanda ke shan magani yakan daina yaɗa ta, ba dalilin a guje shi. In ciwon ya yi nisa, akwai asibitin Yadakunya kusa da Kano. Amma ku sani, magani na kashe ƙwayar, ba ya mayar da yatsan da ya tafi. Ɓoyewa don kunya ita ke jawo nakasa.

Maigida, ka sa a yi wanka da sabulu kullum. Uwargida, in kina yi wa yara wanka, ki duba bayansu da tsakanin yatsunsu, inda su ba sa gani. Abin da kuka gani, ku kawo mana tun yana ƙarami. Allah ya ba mu lafiya.