Malami da Tukunyarsa

Sau da yawa akan tura saurayin malami aiki nesa da gida. In bai iya girki ba sai ya dogara ga akushin talakawa. Kowa kuwa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Saboda haka ya kamata ya fara koyon tuwon dawa. In ruwa ya tafasa, a dama gari kaɗan da ruwan sanyi, a zuba a yi talge. Bayan ya nuna a riƙa ƙara gari ana tuƙawa da muciya, kana a rufe ya turara. Miyar kuka kuwa, sai daddawa da barkono da gishiri sun dahu tukuna a kaɗa kuka da maburgi, don gudun gudaji.