Darasi na 14: Facin Keke Mai Ninkewa

Keke mai ninkewa shi ne wanda ake iya naɗe shi gida biyu ko uku, a ɗauka a hannu, a sa a bayan mota ko a ajiye a lungun ɗaki. Mazauna gidajen bene a manyan birane kamar Legas za su fi kowa ganin amfaninsa. Ɗaya daga cikin shahararrun irinsa shi ne Brompton, wanda wani injiniya mai suna Andrew Ritchie ya zana a Landan a shekarar 1975. Tayoyin irin wannan keke ƙanana ne, yawanci inci 16 ko 20, alhali kuwa na keken da muka saba gani sukan kai inci 26 zuwa 28. Wannan ƙanƙanta ita ce ta sa facinsa yake buƙatar kula ta musamman.

Tun farko, ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar "faci", domin fuska biyu gare ta. Idan aka ce "taya ta yi faci", ana nufin ta huje, iska ta fita. Idan kuma aka ce "an yi wa taya faci", ana nufin an liƙe hujin. Wanda yake wannan sana'a a bakin titi shi ake kira mai faci.

Kayan aikin ba su da yawa: famfo, sholisho, samfefa, ɗan guntun robar liƙi, kwanon ruwa, da ƙarafa biyu marasa kaifi na ɓanɓare taya. Kada a yi amfani da wuƙa ko sukundireba, don sukan ƙara wa tiyub wani huji.

Ba lallai ne a kwance ƙafar keken ba, musamman ta baya. A can ne sarƙa da giya suke, kuma a keke mai ninkewa akan sami ƙananan ƙarafa da ke riƙe sarƙar idan an naɗe shi. Wanda ya kwance su bai san yadda suke ba, zai sha wahalar mayar da su. Saboda haka sai a buɗe keken sosai, a kife shi a kan sirdi da hannuwansa, a sace sauran iskar ta bawul. Daga nan a matsa bakin tayar zuwa tsakiyar rim, inda yake da ɗan zurfi, a kewaye shi duka. Ƙaramar taya takan kama rim tamau, kuma wannan matsawar ce take ba ta sarari. Sai a sa ƙarafan a ɓanɓare gefe ɗaya, a jawo tiyub waje, a bar bawul a wurinsa.

Yanzu sai neman huji. A ɗan buga iska, a kasa kunne. In ba a ji komai ba, a riƙa tsoma tiyub cikin ruwa kaɗan-kaɗan; inda kumfa ya taso, nan ne. A sa alama da biro.

A nan ne masu gaggawa suke yin kuskure. Da sun ga huji sai su liƙe, su hau, ba su tambayi abin da ya huda shi ba. Kafin su kai makaranta ko kasuwa, taya ta sake sacewa, ga rana, ga tura keke. Shi kuwa huji yakan nuna dalilinsa. Idan guda ɗaya ne a bayan tiyub, wato ɓangaren da ke fuskantar titi, to ƙaya ce ko ƙusa ko fasasshiyar kwalba, kuma mai yiwuwa tana nan maƙale a jikin taya. A shafa cikin tayar da tsumma a hankali har a same ta, a zare. Idan hujin yana ciki, ta wajen rim, to kan wata waya ne ya leƙo, ko kuma robar da ke rufe kawunan wayoyin ta goce. Idan kuwa huji biyu ne dab da juna kamar saran maciji, laifin na mai keke ne: ya hau da ƙarancin iska, ya faɗa rami, rim ya datse tiyub. Wanda ya yage a gindin bawul ba ya liƙuwa, sai dai a sayi sabo, kuma a tabbata girmansa daidai yake da lambar da ke jikin tayar.

Liƙin kansa ba wuya, haƙuri kawai yake so. A goge wurin ya bushe, a kankare shi da samfefa, a shafa sholisho ba da kauri ba, ya ɗan fi robar faɗi. Sai a jira kamar minti biyar, har ya daina sheƙi. Sholisho mai danshi ba ya kamawa. Sannan a ɗora robar, a danne ta da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe.

Wajen mayarwa, a sa wa tiyub 'yar iska don kada ya nannaɗe, a cusa shi ciki, a mayar da bakin taya da manyan yatsu, a duba ko ta danne tiyub a wani wuri. A buga iska gwargwadon abin da aka rubuta a gefen tayar. Kafin a hau, a juya ƙafar a gwada birki, a kuma tabbata makullan da ke haɗa gaɓoɓin keken sun ɗauru.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin "taya ta yi faci" da "an yi wa taya faci"?
2. Me ya sa aka fi son kada a kwance ƙafar baya?
3. Me huji biyu dab da juna suke nunawa?
4. A wannan darasi an yi ta ba da umarni da "a", kamar "a goge", "a jira". Ku mayar da sakin layin da ya yi bayanin liƙi kamar kuna yi wa ƙanwarku magana: "ki goge", "ki jira".