Ajiyarka a Hannun Kamfani, Mabuɗi a Hannunka

Jama'a, a da idan mutum zai yi doguwar tafiya yakan kai ajiyarsa gidan amintacce. Yau ajiyar da muke bayarwa ita ce sunanmu, da hotonmu, da zanen yatsunmu, da lambobin BVN da NIN. Masu karɓa kuwa su ne bankuna da kamfanonin waya da na intanet. To, in ta salwanta, wa za a kama?

Da farko dai mai karɓar ajiya. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, aka kafa hukumar NDPC don sa ido. Dokar ta hana kamfani karɓar abin da ya wuce bukatar aikinsa, ta kuma wajabta masa ya faɗa maka abin da zai yi da shi. Idan ɓarayi suka kutsa cikin kwamfutocinsa har abin zai iya cutar da mutane, tilas ya sanar da hukumar cikin awa 72. Ga misalin abin da kan faru idan mai karɓar ajiya ya yi sakaci: a 2018 asiri ya tonu cewa kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane kusan miliyan 87 daga Facebook. Yawancinsu ba su yi sakacin komai ba, ta hannun abokansu aka kwashe. Shi ya sa a 2019 Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Banki yana iya tsare kwamfutarsa, ba ya iya riƙe bakinka. Wani zai bugo maka waya ya ce, "Alhaji, za a rufe asusunka, karanto mini lambar da muka turo yanzu." Kashe wayar, domin banki ba ya tambayar wannan. Kada ka faɗa wa mai POS lambar sirrin katinka, danna da hannunka. Kada ka mai da shekarar haihuwarka lambar sirri. In wayarka ta ɓata, sanar da banki da kamfanin layi nan take, don da layin nan ake kwashe kuɗi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in kamfani ya ci amana, kai ƙararsa hukuma, haƙƙinka ne. Mabuɗin da ke hannunka kuwa, kai za ka tsare. Ka kuma karanta wa tsofaffin gidanku wannan takarda, domin su ma 'yan damfara suna bugo musu waya.