Darasin Noma: Albasa da Sanyin Hunturu

Duk wanda ya ratsa fadamun Wurno, Rabah da Goronyo a watan Janairu zai ga fangalan albasa kore shar. Manoma suna cewa albasa amfanin rani ce. Gaskiya ne, amma ba kowane lokaci na rani take so ba. Tana neman sanyi sa'ad da take ƙarama. Idan ta girma sai ta nemi zafi da busasshiyar iska. Manomin da ya juya mata wannan tsari, shi ne zai kai ƙananan kawuna kasuwa.

Ana auna zafi da ma'aunin zafi, irin wanda malamin asibiti yake gwada marar lafiya da shi. Awonsa ana ce masa digiri. Ruwa yana zama ƙanƙara a digiri 0, yana tafasa a digiri 100. Jikin mutum mai lafiya kuwa digiri 37 ne. Lawashin albasa ya fi yin kyau tsakanin digiri 13 da 24. A ƙasar Sakkwato ba a samun irin wannan sanyi sai da hunturu, musamman da dare da sassafe, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. A watan Afrilu zafin rana yakan wuce digiri 40.

Me ya sa lawashi yake da muhimmanci haka? Kan albasa ba saiwa ba ne. Gindin ganye ne ya yi kauri, ya naɗe ɗaya bisa ɗaya. Idan aka yanka albasa, kowane zobe da aka gani ganye guda ne. Saboda haka albasar da ta yi ganye da yawa cikin sanyi ita ce za ta yi babban kai. Da zarar zafi ya shigo, rana kuma ta ƙara tsawo, albasa takan bar yin sabon ganye, ta koma tara abinci a gindinta. Ba ta jiran kowa. Ko ganye biyar gare ta, ko goma sha biyu, da abin da ta samu za ta yi kai.

Don haka ake zuba iri a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Bayan mako 6 zuwa 8 sai a yi dashe, wato cikin Nuwamba ko Disamba. A nan ne wasu suke yin sake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, ana samun ruwan ban-ruwa har cikin bazara. Sai manomi ya ga ai ruwa yana nan, ba gaggawa, ya bar dashe sai Fabrairu. To, madatsa tana tsare ruwa, amma ba ta tsare sanyi. Garaje ma yana da nasa aibin. Dashen da ya riga ya yi kauri sosai kafin sanyi ya tsananta yakan fid da sandar fure, kuma albasa mai sanda ba ta ajiyuwa.

Tafarnuwa, wadda Wurno da Goronyo suka yi suna a kanta, ta fi albasa ma son sanyi. Idan ba ta same shi ba, kanta ba ya rabuwa sala-sala yadda ya kamata. Su biyun suna da wani ɗan'uwa a Ingila da sauran ƙasashen Turai, wani ƙaramin farin fure da sunansa yake nufin ɗigon ƙanƙara. Shi ma yana da kai a cikin ƙasa kamar 'yar albasa. Yakan yi fure cikin Janairu da Fabrairu, wani lokaci ƙanƙara tana kwance a gindinsa. Yana son inuwa da ƙasa mai laima, kuma kansa yakan lalace idan ya bushe ƙayau. Ba zai rayu a fadamar Rima ba. Albasa kuwa, bushewar nan ce take sa ta daɗe.

Saura batun laima, wato danshin da ke cikin iska. Da hunturu iska a bushe take, shi ya sa leɓe da ƙafa suke tsagewa. Da damina kuwa wanki ma yakan ƙi bushewa. Albasa tana son danshi a saiwarta, ba a ganyenta ba. Saiwarta gajera ce, ba ta nisa cikin ƙasa, don haka ban-ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a cika fangali ya kwana da ruwa. Idan ganye ya daɗe a jiƙe, ga ɗumi, sai cuta ta kama shi. Za a ga tabo mai launin shunayya, daga nan ganyen ya karye. Wannan ce babbar wahalar masu albasar damina.

Idan wuyan albasa ya yi laushi, lawashi ya fara kwanciya, ta nuna ke nan. A daina ba ta ruwa kamar mako 2 kafin cira. Bayan an cire, a shimfiɗa ta inda iska take ratsawa har wuyan ya bushe, ɓawon ya riƙa ƙara idan an taɓa. Kada a bar ta tsirara a ranar Afrilu, za ta ƙone. Wajen ajiya, a ɗaga rudu daga ƙasa, a yi masa rufin da ba ya yoyo, a bar kafofin shan iska. Zafi bai cika damun busasshiyar albasa ba. Laimar Yuli da Agusta ce take sa ta ruɓa ko ta fid da saiwa. A riƙa dubawa kowane mako, ana tsame wadda ta yi laushi kafin ta shafi na kusa da ita.