Darasin Mako: Yadda Ake Lissafin Tafiyar Jirgin Sama



Da yawa cikinmu na hawa jirgi, wasu don sarin kaya, wasu kuma 'ya'yansu ne ke karatu a Turai. Sau da yawa mutum zai duba tikiti ya yi kuskuren lissafi, ko ya bar iyali suna zaman jiran waya cikin fargaba, ko kuma jirgi na biyu ya tashi ya bar shi. Abu uku za mu riƙe.

Na farko, nisa da gudu. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa. Sai ka raba nisan da 800, ka ƙara wajen rabin awa na tashi da sauka. Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, kenan awa huɗu da kwata, a ƙara rabin awa, ya kama awa huɗu da minti 45.

Na biyu, lokacin da ke kan tikiti agogon garin ne, ba namu ba. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, Dubai da uku, Sin da bakwai. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda wajen 4:45 na asuba a agogonsu, alhali nan Jos 2:45 ne na dare.

Ga misalin Turai. Daga Landan zuwa Frankfurt ta Jamus kilomita 650 ne ko kusa da haka, tafiyar awa ɗaya da rabi, saboda manyan filaye ne masu layin jirage. Amma Jamus ta riga Ingila da awa ɗaya. Yaro ya tashi 9 na safe, tikiti zai nuna sauka 11:30. Da zai dawo, ya tashi ƙarfe 1 ya sauka 1:30. Jirgin bai yi sauri ba, agogo ne ya ja baya.

A kula kuma, Turawa na canja agogo ranar Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba. Daga Maris zuwa Oktoba agogonmu ɗaya da Landan. Sauran watanni kuma ɗaya muke da Jamus.

Na uku, tafiya daga ƙofar gida take farawa. Ko filin Yakubu Gowon da ke Heipang za ka, ko ka bi mota zuwa Abuja, lissafa hanya, ka kuma isa awa uku kafin tashi idan ƙasar waje za ka. In za ka canja jirgi, kada ka yarda da tazarar ƙasa da awa biyu. Gara ka jira jirgi, don shi ba ya jiran kowa.

Aikin gida ga yara: Abuja zuwa Frankfurt kusan kilomita 4,500 ne. Jirgi ya tashi 11 na dare a watan Disamba, ƙarfe nawa zai sauka? Amsa Juma'a mai zuwa, in sha Allahu.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.