Nasiha ga Mai Neman Haja a Google

Ya kamata mai karatu ya sani cewa idan ya rubuta sunan wani kamfani a Google yana neman hajarsa, ba lallai ne abin da ya fara bayyana a saman shafi ya kasance na wannan kamfani ba, domin tun 2002 Google ke gwanjon kalmomin nema, har ɗan kasuwa yakan sayi sunan abokin hamayyarsa don tallarsa ta sha gaba. A 2010, cikin shari'ar Louis Vuitton, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa Google bai keta haƙƙin tambari ba da wannan ciniki, amma alhaki yana wuyan mai talla matuƙar ya jefa mai saye cikin shubuha game da asalin kayan.

Saboda haka wajibi ne mutum ya yi bincike kafin ya saki dukiyarsa: ya lura da alamar talla da ke kan sakamakon farko, ya karanta adireshin shafin harafi bayan harafi, ya gangara ƙasa ya gwada farashi, kuma kada ya ba da lambar katinsa sai ya sami yaƙini. Algus laifin mai sayarwa ne, amma kiyaye dukiya amana ce a hannun mai ita.