Iyakar Amfanin Taki: Darasin Tattalin Arziki Ga Manomin Masara

Gabatarwa

Manoma da yawa sukan auna nasarar daminarsu da yawan buhunan da suka kai gida. Amma yawan amfanin gona daban, riba daban. Manomi yana iya cika rumbu, in ya zauna ya yi lissafi ya tarar kuɗin da ya zuba ya fi abin da ya girbe. Wannan darasi zai bayyana wata ƙa'ida ta ilimin tattalin arziki wadda ake koya wa ɗaliban jami'a tun shekarar farko, domin malaman gona da manoma su san inda ya kamata a tsaya wajen sa takin zamani.

Ƙa'idar raguwar ƙari

Ƙa'idar ta ce: idan aka yi ta ƙara abu guda, kamar taki, alhali faɗin gona da iri da ruwan sama suna nan yadda suke, za a kai matsayin da kowane sabon ƙari zai ba da amfanin da bai kai na wanda ya gabace shi ba. A gona aka fara gane wannan ƙa'ida. Wani masani na ƙasar Faransa mai suna Turgo ya bayyana ta a 1767, sannan David Rikado ya faɗaɗa ta a Ingila a 1815.

Dalili kuwa shi ne shuka tana da iyakar abin da za ta iya ci. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin. Buhun farko yakan tarar da masara cikin yunwa, sai ta yi amfani da shi sosai. Na huɗu da na biyar kuwa sukan tarar ta kusa ƙoshi, ko kuma wani abin ne ya tauye ta, kamar ƙarancin ruwa, ciyawa ko wuta-wuta. Ragowar sai ruwa ya wanke shi, ko ya bi iska.

Misalin lissafi

Alkaluman nan misali ne kawai don koyon hanyar lissafi. Kowa ya maye gurbinsu da na gonarsa da kasuwarsa. A ƙaddara hekta ɗaya ce ta masara wadda aka riga aka sa mata takin kamfa, tana ba da buhu 18 in ba a ƙara yuriya ba. A ƙaddara kuma buhun masara naira 40,000 ne, buhun yuriya haɗe da kuɗin dako da na masu sawa naira 50,000.

1. Buhun yuriya na farko: an sami buhu 22. Ƙarin buhu 4, wato naira 160,000. Riba 110,000.
2. Na biyu: buhu 25. Ƙarin buhu 3, wato 120,000. Riba 70,000.
3. Na uku: buhu 27. Ƙarin buhu 2, wato 80,000. Riba 30,000.
4. Na huɗu: buhu 28. Ƙarin buhu 1, wato 40,000. Hasara 10,000.
5. Na biyar: buhu 28. Babu ƙari. Hasara 50,000.

A lura, gonar ta fi ba da masara a buhu na huɗu, amma riba ta tsaya tun a na uku. Saboda haka tambayar da manomi zai yi wa kansa ba “Shin taki yana ƙara amfani?” ba ce. Tambayar ita ce: “Wannan buhun da zan ƙara, zai biya kuɗin kansa?”

Idan farashi ya canza

Iyakar nan ba a wuri ɗaya take tsayawa ba, farashi ne ke matsar da ita. Idan buhun masara ya faɗo zuwa naira 20,000 taki bai sauko ba, buhu na uku zai kawo 40,000 kacal, ya zama hasara. Na biyu ma da ƙyar zai fitar da kansa. Manoman Nijeriya sun ga irin wannan a 2025, lokacin da farashin masara ya faɗi ƙwarai alhali taki yana da tsada. Wanda ya ci bashin taki bisa farashin bara shi ya fi jin jiki. Don haka masana suke ba da shawarar kada a ƙara taki sai in ana sa ran kowace naira ɗaya za ta dawo da aƙalla naira biyu, saboda fari, ƙwari da faɗuwar kasuwa.

Abin da aka rasa

Kowane zaɓi yana da abin da aka bari dominsa, kuma masana tattalin arziki suna ƙidaya shi cikin tsadar abu. Manomin da ke da buhu uku na yuriya da gonaki biyu masu ƙasa iri ɗaya, in ya zuba duka a gona ɗaya, ƙarin buhu 9 zai samu. In ya sa biyu a nan, ɗaya a can, zai sami 11. Taki ɗaya, kuɗi ɗaya, bambancin rabo ne kawai. Haka nan kuɗin buhu na huɗu zai fi amfani in an kashe shi wajen ingantaccen iri ko noma a kan lokaci.

Shawarwari

1. A rubuta duk abin da aka kashe, har da aikin iyali da kuɗin dako.
2. A yi lissafi da farashin lokacin kaka, ba na tsakiyar damina ba.
3. A ware ƙananan filaye daidai wa daida, a sa musu taki mabambancin yawa, a auna amfanin kowanne daban.
4. A binne yuriya a ƙasa mai danshi, kada a watsa shi a fili.
5. A haɗa da takin gargajiya, a kuma riƙa juya masara da waken soya ko gyaɗa.

Kammalawa

Wannan darasi ba kira ba ne a rage taki. Yawancin gonakinmu ba su ma kai rabin abin da suke bukata ba, shi ya sa taron taki na Abuja na 2006 ya nemi ƙasashen Afirka su ɗaga abin da ake sawa daga kimanin kilo 8 na sinadarai a hekta zuwa 50. Abin nufi shi ne kowane buhu ya je inda zai fi biya. Malamin gona ya zauna da manomansa su yi wannan lissafi kafin a ci bashi, domin Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.